Darasin numfashi: Yadda tarbiyyar lura da kai ta addinin Buda ta shiga azuzuwan yara

A ranar 23 ga Yunin 2018, yara 12 'yan wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa suka shiga kogon Tham Luang da ke lardin Chiang Rai a arewacin ƙasar Tailan tare da kocinsu. Ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta toshe musu hanyar fita. Sai a ranar 2 ga Yuli, bayan kwana tara, wasu gwanayen nutso biyu 'yan Birtaniya suka iske su a kan wani tudu can cikin kogon, dukansu da ransu.

Abin da ya ba masu ceto mamaki shi ne natsuwar yaran, waɗanda shekarunsu ke tsakanin 11 zuwa 16. Daga baya aka ji dalili. Kocin nasu, Ekkapol Chantawong, mai shekara 25, ya yi shekaru masu yawa yana almajirci a gidan ibadar mabiya addinin Buda bayan rasuwar iyayensa. A cikin duhun kogon ya koya wa yaran zama shiru da sa hankali a kan numfashi, domin su rage firgici kuma su tattala ɗan ƙarfin da ya rage musu. Zuwa ranar 10 ga Yuli an fito da su baki ɗaya.

Labarin ya ja hankalin duniya zuwa ga wata tarbiyya da aka daɗe ana yi wa yara a ƙasashen Asiya, wadda kuma a 'yan shekarun nan ta shiga dubban makarantun gwamnati a Indiya da Birtaniya da Amurka. Masu goyon baya suna cewa magani ce ga damuwa da rashin natsuwar yaran zamani. Masu suka suna cewa ko dai addini ne aka sauya wa riga, ko kuma abu ne da aka zuzuta fiye da amfaninsa.

Mene ne ake koyarwa?

Tushen abin yana cikin koyarwar Siddhartha Gautama, wanda mabiyansa ke kira Buda. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce, ya kuma yi wa'azinsa a arewacin Indiya. A harshen Pali, wanda aka adana tsofaffin littattafan addinin da shi, sunan wannan horo shi ne "sati". Kalmar ba ta da dangantaka da satin Hausa mai kwana bakwai. Asalin ma'anarta tunawa ce, wato mutum ya riƙa tuna abin da yake ciki a wannan lokaci, kada hankalinsa ya sulale ya bar shi.

Sau da yawa akan fassara irin wannan zama da zuzzurfan tunani, amma fassarar tana ɓatar da mai karatu. Ba a neman mai yi ya nutsa cikin tunani. Ana neman ya zama ɗan kallon tunaninsa, ya ga fushi ya taso ya san fushi ne, ya ga tsoro ya zo ya san tsoro ne, ba tare da ya bi su ba kuma ba tare da ya yi kokawa da su ba. Shi ya sa lura da kai ta fi dacewa da ma'anar.

Nassin da aka fi dogara da shi, mai suna Satipatthana, ya kasa abin lurar gida huɗu: jiki, da abin da ake ji na daɗi ko na zafi, da halin da zuciya take ciki, da kuma abubuwan da ke gilmawa a cikinta. Wani nassin, Anapanasati, ya keɓanta da lura da shigar numfashi da fitarsa. Wannan na biyun shi ne aka fi koya wa yara, domin numfashi yana tare da kowa, ba a saye, ba a aro.

A cikin addinin Buda, lura da kai ba ta tsaya ita kaɗai ba. Ita ce ta bakwai cikin rukunai takwas na tafarkin da Buda ya shimfiɗa, waɗanda malamansu ke tattarawa a ƙarƙashin horo uku: kyawun ɗabi'a, da tattara hankali, da hikima. Manufar ƙarshe kuwa ta aƙida ce, wato kuɓuta daga wahala da kuma zagayen mutuwa da sake haihuwa da mabiya addinin suka yi imani da shi. Riƙe wannan batu yana da muhimmanci, domin a kansa ne mafi yawan gardamar yau ta ta'allaƙa.

Yadda darasin yake a cikin aji

Darasin yara gajere ne, daga minti biyu zuwa goma. Malami yakan kaɗa 'yar ƙararrawa, ya ce kowa ya saurara har sai amon ya ɓace gaba ɗaya, sannan ya ɗaga hannu. Daga nan yara su zauna a miƙe, su rufe ido ko su sunkuyar da shi, su sa hankali a bakin hanci ko a ciki, inda ake jin numfashi. Ba a ce musu su ja dogon numfashi ko su sauya shi ba. Kallonsa kawai za su yi.

Cikin daƙiƙoƙi kaɗan hankalin yaro zai tafi wajen wasa, ko abincin tara, ko faɗan da ya yi da abokinsa. Malamai suna jaddada cewa wannan ba kuskure ba ne. Aikin shi ne yaro ya gane cewa hankalinsa ya tafi, ya dawo da shi a hankali ba tare da zargin kansa ba. Wannan dawowar ita ce horon, kamar yadda ɗaga ƙarfe sau da yawa ke ƙarfafa damtse.

Ga ƙananan yara akan yi amfani da abin da ido zai gani. Wasu malamai sukan sa yaro ya kwanta rigingine, a ɗora masa ɗan dutse ko 'yar tsana a ciki, ya riƙa kallon yadda take hawa da sauka. Wasu sukan kawo kwalbar ruwa da aka zuba wa ƙyalli, a girgiza ta har ruwan ya turnuƙe, sannan a ajiye, yara su ga yadda komai ke kwantawa ruwan ya washe. Duk wanda ya taɓa ɗebo ruwan rafi ya bar shi a tulu har laka ta kwanta ya san abin da ake nufi. Akwai kuma cin ɗan abu guda a tsanake ana lura da ɗanɗanonsa, da tafiya sannu ana jin taɓawar tafin ƙafa da ƙasa, da ambatar sunan abin da ake ji a zuci.

Hikimar da ke bayan wannan duka ita ce samar da 'yar tazara tsakanin abin da yaro ya ji da abin da zai aikata. Yaron da aka zaga yakan kai duka kafin ya yi tunani. Idan ya saba da gane alamun fushi a jikinsa, kamar zafin fuska da bugun ƙirji da dunƙulewar hannu, zai iya samun daƙiƙa biyu ko uku na zaɓi. Masu koyarwa suna cewa dole a yi wannan atisaye a lokacin da hankali ke kwance, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Akanta da ɗan kasuwa

Yaɗuwar wannan horo zuwa ga mutanen da ba su zauna a gidajen ibada ba tana da nasaba da wani ma'aikacin gwamnati da wani ɗan kasuwa. Na farko shi ne U Ba Khin, Babban Akanta na farko na ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, bayan ta sami 'yancin kai a 1948. Ya fara koya wa ma'aikatan ofishinsa zaman natsuwa, daga baya ya buɗe cibiya a birnin Rangun a 1952.

Na biyun shi ne S. N. Goenka, attajiri ɗan asalin Indiya da aka haifa a Bama a 1924. Matsanancin ciwon kai da ya gagari likitoci ne ya kai shi wurin U Ba Khin, inda ya yi shekara 14 yana ɗalibta. A 1969 ya koma Indiya ya fara koyarwa, kuma kafin rasuwarsa a 2013 cibiyoyinsa sun bazu a nahiyoyi da dama. Tun a shekarun 1980 aka fara shirya wa yara gajerun kwasa-kwasai na lura da numfashi a ƙarƙashin tsarinsa. A irin waɗannan kwasa-kwasai yara sukan fara da ɗaukar alkawarin kiyaye dokoki biyar: barin kisa, da sata, da lalata, da ƙarya, da shan kayan maye. Bayan kwas ɗin ana son yaro ya riƙa zaman minti goma safe da yamma.

Daga nan ne gwamnatin jihar Maharashtra, inda birnin Mumbai yake, ta haɗa kai da cibiyar binciken da Goenka ya kafa, suka fito da shirin MITRA a farkon shekarun 2010, domin horar da malaman makaranta su jagoranci ɗalibai a wannan zama na minti goma. Kalmar "mitra" tana nufin aboki a harsunan yankin.

A birnin Delhi kuwa, a ranar 2 ga Yulin 2018, ranar da aka gano yaran kogon Tailan, gwamnatin birnin ta ƙaddamar da Manhajar Farin Ciki a makarantunta fiye da 1,000, daga ajin reno zuwa aji takwas. Dalai Lama, jagoran mabiya addinin Buda na Tibet, ya halarci bikin. An tsara darasin ba jarrabawa ba maki, kuma a lokacin yana buɗewa da 'yan mintoci na lura da numfashi, ko da yake manhajar ba ta jingina kanta da addinin Buda ba.

A ƙasashen da mabiya Buda suka fi rinjaye ba a ɓoye tushen. Ma'aikatar ilimi ta Tailan ta daɗe da shirin makarantu masu bin tafarkin Buda, wanda aka gina a kan horon nan uku. Masarautar Butan, wadda ta shahara da auna ci gabanta da farin cikin al'umma, ta shigar da gajeren zaman natsuwa cikin makarantunta daga 2010. A Siri Lanka, wani babban malamin addinin, Uda Eriyagama Dhammajiva, ya kafa shirin Sati Pasala a 2016, yana mai cewa ƙofarsa a buɗe take ga yaran kowane addini.

Yadda ta ƙetara zuwa Yammacin duniya

Wanda ya fi kowa tasiri wajen kai abin Yamma shi ne Jon Kabat-Zinn, masanin kimiyyar halittu ɗan Amurka da ya yi karatu a hannun malaman Buda. A 1979 ya buɗe sashen rage damuwa a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts, ya tsara kwas na mako takwas ga masu fama da ciwo mai naci. Ya cire kalmomin ibada da batun sake haihuwa, ya bar dabarun zama da lura, ya yi musu bayani da harshen asibiti.

Daga wannan tushe masana halayyar ɗan Adam suka tsara wani kwas ga masu fama da ciwon damuwa mai tafiya ya dawo, kuma a 2004 hukumar da ke tantance hanyoyin magani a Ingila ta amince da shi ga irin waɗannan manyan majinyata. Wannan amincewa ta ba abin martabar kimiyya, sai malaman makaranta suka fara tambaya: idan yana taimakon manya, me zai hana a koya wa yara tun kafin matsala ta same su? Icce, in ji masu iya magana, tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A 2007 aka fara shirin Mindful Schools a birnin Oakland na jihar Kalifoniya. A 2009 wasu malaman sakandare a Ingila suka kafa ƙungiyar da ta tsara darussa goma ga matasa. Thich Nhat Hanh, malamin Buda ɗan Biyetnam da ya kafa cibiyar Plum Village a Faransa a 1982, shi ma ya fito da shirin horar da malaman makaranta, bisa ra'ayinsa cewa malamin da ke da kwanciyar hankali shi ne zai iya kwantar da hankalin aji. A 2023 magajin garin New York na lokacin, Eric Adams, ya sanar da cewa za a buƙaci dukkan makarantun gwamnati na birnin su ware minti biyu zuwa biyar kullum domin darasin numfashi.

Dalilai biyu ne suka sa gwamnatoci suka rungumi abin da sauri. Na farko, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma likitocin wannan fanni ba su wadata ko'ina ba. Na biyu, darasin ba ya cin kuɗi. Ba ya buƙatar gini ko kayan aiki, sai horar da malami.

Me bincike ya nuna?

Ƙananan bincike na farko-farko sun nuna alamun amfani wajen mai da hankali da rage damuwa. Sai dai yawancinsu an yi su ne a kan ɗalibai kaɗan, na gajeren lokaci, kuma sau da yawa masu son abin ne suka gudanar da su. Shi ya sa aka zura ido ga babban binciken MYRIAD, wanda masana daga jami'o'in Oxford da Cambridge da wasu suka gudanar a Birtaniya da kuɗin gidauniyar Wellcome.

Binciken ya shafi makarantun sakandare sama da 80 da ɗalibai sama da 8,000 masu shekara 11 zuwa 14. An raba makarantun gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya ya karɓi darussa goma na lura da kai daga malaman da aka horar, ɗayan ya ci gaba da darussan tarbiyya da ya saba. Da aka fitar da sakamako a Yulin 2022, sai aka ga bayan shekara guda babu wani fifiko da kashin farko ya samu, ko a haɗarin kamuwa da ciwon damuwa, ko a ɗabi'a, ko a jin daɗin rayuwa. Har ma an sami alamun cewa darasin bai dace da wasu yaran da tun farko suke cikin haɗarin larurar ba.

Masu binciken, waɗanda wasunsu suna cikin jiga-jigan masu koyar da wannan horo, sun bayyana sakamakon kamar yadda ya zo. Sun gano cewa kimanin takwas cikin kowane ɗalibai goma ba su yi atisayen gida da aka ba su ba, kuma da yawa sun ce darasin yana gundurar su. Waɗanda suka fi amfana su ne malaman, domin gajiyar aiki ta ragu musu na ɗan lokaci, yanayin makarantun ma ya ɗan gyaru.

Sakamakon bai nuna cewa lura da numfashi aikin banza ba ne. Abin da ya nuna shi ne cewa babban mutum da ya kai kansa neman sauƙi ya sha bamban da ɗan shekara 12 da aka zaunar a aji ba da zaɓinsa ba. Ya kuma nuna cewa darasi goma ba zai maye gurbin likita ba, balle ya kawar da yunwa ko cin zali ko rikicin gida da ke hana yaro natsuwa.

Addini ne ko ba addini ba?

A nan suka yana zuwa daga ɓangarori biyu masu adawa da juna. A Amurka, inda tsarin mulki ya hana makarantun gwamnati ɗaukaka wani addini, wasu iyaye Kiristoci sun yi ƙorafin cewa ana shigo da addinan Gabas ta bayan gida. A 2016 wata makarantar firamare a jihar Jojiya ta sauya wasu sassan shirinta bayan koken iyaye. Jihar Alabama ta haramta motsa jiki na yoga, wanda tushensa addinin Hindu ne, a makarantunta tun 1993, kuma da ta sassauta dokar a 2021 ta ci gaba da hana rera kalmomin ibada. A Kalifoniya kuwa kotu ta yanke hukunci a 2013 cewa shirin yoga na makarantun garin Encinitas bai saɓa wa tsarin mulki ba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2015.

Farfesa Candy Gunther Brown ta Jami'ar Indiana, wadda ta wallafa littafi a kan batun a 2019, tana ganin cire kalmomin ibada bai isa ya raba horon da tushensa ba. Shawararta ita ce a gaya wa iyaye gaskiyar inda abin ya fito, kuma kada a sa yaro sai da amincewarsu tun farko.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, wasu mabiya Buda suna ganin an yi wa koyarwarsu fashi ne. Ronald Purser, farfesa a fannin gudanarwa kuma mai bin addinin, ya yi suka a littafinsa na 2019 cewa an yanke lura da kai daga kyawun ɗabi'a da tausayi, an mai da ita haja, ana amfani da ita wajen sa mutane su haƙura da mummunan yanayi maimakon a gyara shi. A ganin irinsu, natsuwa ba tare da tarbiyya ba tana iya amfanar ɓarawo kamar yadda take amfanar mai gaskiya.

Masu kare shirin suna amsa cewa mai da hankali baiwa ce ta kowane ɗan Adam, ba mallakar wani addini ba. Suna nuni da cewa sauran addinai ma suna da nasu horon zuciya. A Musulunci, alal misali, Imam Ghazali ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan muraƙaba da muhasaba, wato tsare zuciya da yi wa kai hisabi, kuma Kiristanci yana da daɗaɗɗiyar al'adar addu'a cikin shiru. Amma kamanni bai zama ɗaya ba. A waɗannan addinai biyu bawa yana lura da zuciyarsa ne domin sanin cewa Ubangiji yana ganinsa, alhali koyarwar Buda ba ta ginu a kan imani da Mahalicci ba.

Ita kanta Tailan ta nuna inda iyakar take. Dukkan yaran kogon sun yi zaman natsuwa tare a lokacin da suke cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Amma da aka fito da su, 11 daga cikinsu suka shiga gidan ibada na kwana tara domin godiya da kuma tunawa da Saman Kunan, tsohon sojan ruwan da ya rasu a aikin ceton, ɗayan da yake Kirista ne bai shiga ba.

Abin da ya rage wa iyaye

Daga abin da ya gudana a waɗannan ƙasashe, tambayoyin da suka kamata iyaye su yi wa duk makarantar da ta kawo irin wannan darasi a bayyane suke. Daga ina manhajar ta fito, kuma wa ya horar da malamin? Akwai kalmomi ko alamun ibada a ciki, ko kuwa lura da numfashi ce zalla? Yaron da ba ya so, ko wanda rufe ido ke tayar masa da wani tsohon firgici, yana da damar janyewa ba tare da tsangwama ba? Kuma idan aka ga yaro yana cikin damuwa ta gaske, akwai wanda za a kai shi wurinsa?

A Najeriya doka ta riga ta yi magana a kan ɓangaren addini. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwa ko shiga hidimar wani addini da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Ko wani darasin numfashi ya faɗa ƙarƙashin wannan sashe ko bai faɗa ba, abin da ke cikin darasin ne zai nuna, don haka haƙƙin iyaye ne su nemi ganin manhajar da idonsu kafin su ce eh ko a'a.